Haɗin gwiwar binciken noma da ƙasashen waje: me ke isa ga manomi?

Tambayar ta zo ne daga wani matashin malamin gona da ke aiki a wata ƙaramar hukuma a arewacin Katsina. Ya ce shekararsa shida a bakin aiki, kuma a ɗan wannan lokaci ya ga ayyukan haɗin gwiwa da cibiyoyin ƙasashen waje iri-iri: a zo da fararen motoci, a kafa allo a bakin gona, a yi taron bita, bayan shekara biyu ko uku a tattara a tafi. Yana son ya sani, tsakani da Allah, ko akwai abin da manomi ke samu a ciki, ko kuwa masana ne kawai ke ci da sunansa. In kuma akwai alheri, ta wace ƙofa mutum irinsa zai shiga ya ƙaro ilimi?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, don a wannan aiki na yi furfura, tsakanin gonar gwaji da ƙauye. Akwai alheri a ciki, mai yawa ma, wani yana cikin rumbun mahaifinka yanzu haka ba tare da kowa ya san ta inda ya biyo ba. Allon da ka ga ya yi tsatsa a bakin gona shi ma gaskiya ne. Bari in nuna maka duka biyun, da abin da na ga yana raba su.

Shiga kowace kasuwar ƙauye a yankinku ka tambayi geron da ake kira Sosat, babu wanda zai ce bai san shi ba. A Mali aka samar da shi, tsakanin cibiyar binciken noma ta ƙasar da ICRISAT, wadda ke aikin amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, mai hedikwata kusa da Haidarabad a Indiya da babban reshe a Sadore, kudu da Yamai. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta gwada shi a ƙasarmu, aka amince da shi a hukumance a 2000. Masara kuwa, tambayi dattawan Funtua. Kafin shekarun 1970 a ɗan fili kusa da gida ake shuka ta, inda ake zuba toka da shara, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Abin da ya fitar da ita babbar gona har ta zama tuwon gida da amfanin sayarwa, abu uku ne suka haɗu: farar masara TZB da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ta fitar, da takin zamani mai rangwame, da malaman gona na ayyukan raya karkara da aka fara a Funtua da Gusau da Gombe a 1975 da rancen Bankin Duniya.

Abin da ya sa ƙasa ɗaya ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba, ƙwaro da cuta ba sa tsayawa a kan iyaka, maganinsu ma sau da yawa ba a gida yake ba. Tsutsar nan da ta addabi masara daga nahiyar Amurka ta zo. A farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka ta Yamma, cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara. Ko ka ɗauki ƙudujin wake, wanda ke manne wa saiwa ya tsotse shuka tun bai leƙo waje ba. Juriyarsa an samo ta ne daga wani waken gargajiya na Botswana, mai suna B301 a takarda. Shi kansa ba shi da irin ƙwayar da kasuwar Dawanau ke so, amma da aka yi ta haɗa shi aure da wasu nau'o'i, shekara bayan shekara, aka fitar da IT97K-499-35, wanda Samaru ta sa wa suna SAMPEA 10. Waɗannan sunaye biyu na wake ɗaya su ne haɗin gwiwar a taƙaice. IITA, wadda aka kafa a 1967, tana da rumbun adana iri mai nau'o'in wake fiye da 15,000 daga sassan duniya, ita ke haɗa auren. Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kuma ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke gwada shi a ƙasarmu da ruwanmu, ta kai shi gaban kwamitin amincewa da iri. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, ko na gyaɗa ne ko na dawa ko na masara, ta Samaru ya biyo.

Sai dai a farkon al'amari masana, baƙi da namu, da amsa a aljihu suka zo tun ba su ji tambayar ba. Shekaru da yawa shawarar da ake ba manomin Arewa ita ce ya daina cakuɗa shuka: gero a gonarsa daban, dawa daban, wake daban. Manomi ya ce to, ya koma ya ci gaba da abinsa, a rubuta a rahoto cewa ba ya son ci gaba. Sai a tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Samaru suka zaɓi wasu ƙauyuka kusa da Zariya, suka dinga bin gidaje suna rubuta kwanakin aiki da abin da aka kashe da abin da aka girba, damina da rani. Lissafi ya nuna haɗa shuka ya fi ba da amfani a kan fili ɗaya, kuma ya fi tsare gida a shekarar da ruwa ya yi gardama, don in gero ya ƙi, dawa ko wake na iya fitarwa. Wannan aiki na Samaru yana cikin tushen fannin da duniya ta runguma daga baya, na nazarin gona da gidan manomi gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su Norman sun yi haƙurin zama a ɗakin har aka yi ruwa suka gani da idonsu.

An sake koyon darasin a kan wake. A shekarun 1980 IITA ta fitar da wake mai nuna a kwana 60, tsayayye, mai zuba 'ya'ya lokaci guda. A ma'aunin gonar gwaji babu kamarsa. Amma manomin Kano da ke shuka Kanannado ko Ɗan Ila a tsakanin gero, ba ƙwaya kaɗai ce a ransa ba. Yana son harawa, wadda zai ɗaure ya ɗora a kan bishiya ko soro, ya ciyar da tumaki har bazara, ya yi kiwon ragon layya, in ya matsu ya sayar da dami. Tumakin su ba shi taki, takin ya koma gona. Sai da masana, ciki har da B. B. Singh, ɗan Indiya da ya daɗe yana aikin wake a reshen IITA na Kano da gonar gwaji ta Minjibir, suka zauna da masu binciken dabbobi, sannan aka koma zaɓen wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, aka kuma gwada tsarin layi 2 na hatsi da layi 4 na wake.

Misalin da na fi son ba matasa shi ne buhun nan mai leda biyu a ciki, buhun PICS. Ka san matsalar. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa. Wata biyu ko uku bayan kaka, in ka kara kunne a jikin buhu za ka ji ana ɗan ƙas-ƙas a ciki, ka sa hannu ka ji ɗumi, ka ɗebo ka ga kowace ƙwaya da rami. Don haka manomi ko ya sayar da kaka lokacin da farashi ke ƙasa, ko ya zuba guba. Gubar nan ce ta sa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wanda ba a fitar ba, 'ya'yanmu ne suka ci shi.

Tun 1987 Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya fara aiki da masanan Kamaru a Marwa, da kuɗin hukumar agajin Amurka, USAID. Sun fara ne da duba dabarun da mutane ke yi, irin su toka da shanyawa a rana, har suka kai ga rufe wake a leda ruɓi-ruɓi yadda iska ba za ta shiga ba. Hikimar ba ta da wuyar fahimta. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe ɗan abin da ya rage na iska, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu, tunda a busasshen wake da iskar nan jikinsu ke samar wa kansa ruwa. Dabarar ta yi kusan shekara 20 ba ta yi nisa ba. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi, masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi suka sake gwada ta suka tabbatar, sai aka yi abin da ayyuka da yawa ba sa yi: aka je wurin masana'antar roba a Kano aka ce ta dinga yin buhun, aka nemi dillalai da 'yan kasuwar ƙauye su sayar da shi don riba. An kai gwajin ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe 10.

Na halarci buɗe irin wannan buhu a wani ƙauye, kuma har yau yana idona. Da kaka an cika shi a gaban kowa a ƙofar gidan mai gari, aka matse iska aka ɗaure ledar ciki, aka ɗaure ta biyu daban, aka ɗaure buhun waje, aka ajiye a kan katako. Bayan wata biyar aka tara jama'a, aka kwance. Wata dattijuwa mai sana'ar ƙosai ta matso ba ta ce wa kowa komai ba, ta tura hannu har gwiwar hannu don ta ɗebo na can ƙasa, ta baza a tafinta, ta shinshina, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza. Sannan ta ɗago ta tambayi inda ake sayarwa da nawa. Aka nuna mata mai shago a kasuwarsu. Ranar na fahimci cewa aikin nan zai rayu ko da motocinmu ba su sake zuwa ba, don wanda ya ga amfanin ya san inda zai samu, mai sayarwa kuma yana da dalilin kawowa. Ka dai riƙa tuna wa manomanka cewa sai wake ya bushe sosai, kuma a duba leda kafin a zuba, don huda ɗaya ta ɓera ko ta tsinke ta ɓata aikin.

Misali na biyu yana maƙwabtaka da kai, a Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa a Nijar wajen rainon itatuwa a leda da dasa su, yawancinsu na waje. Rana da awaki da gara suka cinye mafi yawa. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, yana cikin masu dashen, har ya kusa fid da rai. A 1983, a kan hanyar wani ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyi don ya wuce yashi, sai ya lura da ƙananan tsiron da suka cika gonaki, waɗanda ake sarewa kowace bazara lokacin sassabe. Da ya duba ganyen sai ya ga tohon kututturen manyan itatuwa ne da aka sare tun tuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, a sare sauran, a sassabe rassan ƙasa, a bar na sama ya miƙe. Tunda saiwar ta riga ta kai ga laima, toho ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Mutanen wurin suka sa masa suna sassabin zamani.

Ba a karɓe shi nan take ba. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwansu. Waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne shuka da yashi, ganye na zuba yana zama taki, mata sun huta da tafiyar nesa neman itacen girki, ga rassan sayarwa. Sabara da kalgo da aduwa da magarya suka dawo, ga gawo da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Akwai wani abu da ake yawan mantawa: a da itace na gwamnati ne ko a gonarka yake, ma'aikacin daji na iya cin tararka in ka sare reshe, don haka babu mai son ya raini abin da zai jawo masa tara. Sai da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona. Shi kansa Rinaudo bai ce shi ya ƙirƙiro ba, kuma a ƙasar Damagaram tsare gawo tsohuwar al'ada ce. Rawar da bincike ya taka daga baya ita ce aunawa. A shekarun 2000 masanan Nijar, tare da Chris Reij ɗan Holan da Gray Tappan na hukumar safiyon Amurka, suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Wannan awo ne ya sa duniya ta yarda, har aka kai dabarar Habasha da Gana da wasu ƙasashe. A nan ilimin daga gonakin Hausawa ya fita zuwa waje.

Yanzu ga ɓangaren da ya dame ka, wanda ni ma yake ci mini rai. Yawancin ayyukan nan wa'adinsu shekara 3 zuwa 5 ne, alhali fitar da sabon iri daga haɗa aure zuwa hannun manomi yakan ci shekara 8 zuwa 10. Mai ba da kuɗi yana son adadi: manoma nawa aka horar, gonakin nuni nawa aka kafa. Sai a zaɓi gonar bakin titi, ta mai hali, wadda baƙo zai iya zuwa ya ɗauki hoto ya koma gari kafin la'asar. Ƙauyen da sai an sauka daga mota an hau babur ba a zuwa, mata kuma, waɗanda su ke kiwon awaki da sarrafa gyaɗa da ajiyar wake, sai in an tuna. Na taɓa aiki a wani shiri da muka kai wani irin gyaɗa ƙauyuka, ya yi kyau ƙwarai, manoma suka so shi. Shirin ya ƙare. Bayan shekara uku na koma don wata hidima, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce irin ya cakuɗe da nasu, ya nema ko'ina bai samu ba, ko zan taimaka masa da ko da tiya ɗaya. Ba ni da shi. Babu wanda muka ɗora wa alhakin ninka irin bayan tafiyarmu. Tsakanin ɗan abin da ke hannun masanin iri da buhu mai shaidar hukuma a shagon ƙauye akwai matakai na ninkawa, kuma a nan ne igiyar ta fi tsinkewa a ƙasarmu. Akwai kuma zaluncin da ake yi wa irinku: ku ne ke bin gonaki cikin rana kuna cike takardu, a kwashe bayanan a tafi da su, a rubuta sakamako da Turanci ba sunanku, manomin da ya ba da lokacinsa kuma ba ya sake jin abin da aka gano.

Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma, Nijeriya ba ta taɓa cikawa ba. In gwamnati albashi kawai take biya, man mota da takin gonar gwaji sai an jira baƙo, to baƙon ne zai zaɓi abin da za a bincika. Mun ga haɗarin wannan a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje, aka rufe yawancin shirye-shiryen binciken noma da jami'o'inta ke yi da cibiyoyin Afirka, daga bisani aka rushe hukumar USAID ɗin kanta. Gwajin iri in ya tsaya a tsakiyar damina, ba damina ɗaya aka yi asara ba, har da shekarun da suka gabace ta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tunda za a tambaye ka a ƙauye, bari in taɓo waken SAMPEA 20-T. Tsutsar maruka da ke cin fure da kwanson wake, an bincika dubban nau'o'i a rumbun IITA ba a samu mai isasshiyar juriya ba. Sai aka ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wani kamfanin Amurka ya ba da ita ba tare da neman lada ba ta hannun gidauniyar AATF ta Nairobi, masanan CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, suka sa ta cikin wake, Farfesa Mohammad Ishiyaku da tawagarsa a Samaru suka shafe kusan shekara 10 suna gwaji da haɗa ta da SAMPEA 10. An amince da shi a ƙarshen 2019. Yana rage feshi daga sau 6 zuwa 8 ya koma kamar sau 2, amma ba ya hana sauran ƙwari, kuma ba ya hana ƙwaron rumbu. A ra'ayina rage feshin nan babban alheri ne, don na ga yara suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci. Masu shakka a kan irin da aka sauya wa halitta kuma suna da haƙƙin a amsa musu da hujja, cikin harshensu, musamman a kan wa ke da iko da irin da kuma yadda za a sa ido kada tsutsar ta saba da shi. Kada ka raina mai irin wannan tambaya.

Sai maganar horo, wadda a ganina ita ce mafi ɗorewar abin da haɗin gwiwa ke bari. A zamaninmu tura mutum ake yi Amurka ko Ingila ya yi shekara huɗu ko biyar, sau da yawa yana bincike a kan alkama ko waken soya na can. Wasu ba su dawo ba, wasu suka dawo suka tarar da ɗakin gwaji babu wuta babu kayan aiki. An gyara wannan sosai. A 2007 Jami'ar Gana ta kafa cibiyar WACCI ta horar da masana iri tare da Jami'ar Cornell ta Amurka, da kuɗin ƙungiyar AGRA, ƙarƙashin Farfesa Eric Danquah. Ɗalibin digiri na uku zai yi darasin aji a Akara, sannan ya koma cibiyarsa ta gida ya yi binciken a kan dawa ko gero ko waken ƙasarsa, malamai na bin sa har gona. Kafin ya gama yana da nau'o'in da zai ci gaba da su a wurin aikinsa. Masana iri da dama na Nijeriya da Nijar ta nan suka fito. A Kano kuma akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 da tallafin Gidauniyar MacArthur, daga baya ta shiga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa, tana ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashen yankin.

Kai da kake da difloma da shekarun aiki, ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce tsarin da ƙungiyar Sasakawa ta taimaka aka kafa a jami'o'i, ciki har da Ahmadu Bello da Bayero, don malaman gona da ke bakin aiki su yi digirin farko. Ƙungiyar ta faro ne a 1986 daga haɗuwar Ryoichi Sasakawa na Japan da Norman Borlaug da Jimmy Carter. Abin da nake so a tsarin shi ne ana mai da ɗalibi yankinsa ya yi aiki da manomansa a kan wata matsala ta gaske, malamansa su zo su duba, a ba shi maki a kan haka. Ka je sashen koyar da aikin malaman gona na jami'o'in nan da kanka ka tambayi yadda ɗaukar ɗalibai take a yanzu. Bayan digirin farko, IITA da ICRISAT sukan karɓi ɗaliban digiri na biyu su yi bincikensu a gonakinsu na Kano. Ka ƙarfafa Turancinka na rubutu da lissafin ƙididdiga, in ka samu dama ka taɓa Faransanci, don rabin abokan aikinka na gaske suna INRAN da jami'ar Maraɗi.

Kafin nan, ka sayi littafin rubutu mai kauri. Ka zaɓi manoma goma, masu hali da marasa hali, har da mata, ka riƙa rubuta ranar shuka, da irin da aka shuka da inda aka samo shi, da taki, da ranar da ruwa ya ɗauke, da dami nawa aka ɗaure. Damina uku na irin wannan rubutu ya fi takardar shaidar taron bita goma daraja a idon duk masanin kirki, kuma daga cikinsa tambayar bincikenka za ta fito. In sabon shiri ya zo ƙaramar hukumarku, ka tambaye su cikin ladabi tun ranar farko: wa zai ninka irin bayan kun tafi, a wane shago manomi zai same shi, kuma yaushe za ku dawo ku faɗa wa mutanen ƙauyen nan abin da kuka gano, da Hausa? Masanan kirki za su ji daɗin tambayar, su riƙe sunanka.

Akwai kuma horon da ba ya buƙatar jirgi. A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauki wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa aka kai su Yatenga a Burkina Faso, suka ga ramukan zai da ake haƙawa a fako a zuba taki don su tare ruwa. Suka dawo suka yi a gonakinsu, ana kiransu tassa, har fakon da aka yasar ya koma gonar da ake saye da sayarwa. Daga Katsina ta Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar sa'o'i kaɗan ce. In hanya ta yi lafiya, ka nemi izinin shugabanka, ka ɗauki manoma huɗu ko biyar, da mace ko da ɗaya ce a cikinsu, ku je wani ƙauyen da ake sassabin zamani. Ku je da bazara, lokacin da ake gyaran gona, don su ga yadda ake zaɓen toho da yadda ake riƙe adda a sari reshe daga ƙasa zuwa sama kada ɓawon ya tsage. Kututturen sabara da kalgo da za su fara da su suna nan a gonakinsu.